Rawar Taf a Matakin Tsakiya: Tambayoyi da Amsoshi

Rawar taf rawa ce da ake buga kiɗa a daɓe da takalmi mai ƙarfe a gaba da diddige. Wannan bayani na wanda ya riga ya saba da irin wannan takalmi ne, ya iya shafal (bugun gaba da bugun dawowa da ƙarfen gaba) da filaf (bugun gaba da taku) da bol-canji (sauya nauyi da sauri daga ƙafa zuwa ƙafa), yana bin malami a aji ba tare da ya ɓace ba, amma ya fara jin kamar ya tsaya wuri ɗaya. Sunayen takun duk daga Turanci suke, kuma da su aka fi kiransu a aji, don haka na bar su da sautinsu.

Ta yaya zan san na shiga matakin tsakiya?

Ba da yawan takun da ka haddace ake ganewa ba. Ɗauki wayarka, ka kunna naɗar murya, ka ajiye ta a ƙasa kusa da ƙafarka, ka yi shafal takwas da dama, takwas da hagu. Sai ka saurara ido a rufe. Idan kowane shafal ya fito da sauti biyu a rarrabe, kuma ba ka iya tantance wace ƙafa ce ke bugawa daga sautin kaɗai ba, ka kama hanya. Gwaji na biyu shi ne ka bi kiɗa na tsawon gaɓa 32, kowace gaɓa mai bugu huɗu, ba ka riga makaɗan ba, ba su kuma bar ka a baya ba.

Makarantu sun sha bamban wajen sa wa aji suna. A Ingila ƙungiyar malaman rawa ta ISTD tana da manhaja da jarrabawa hawa-hawa, amma a wurare da yawa malami ne kawai ke yanke wa ajinsa mataki. Abin da wani ya kira tsakiya, wani zai ce masu koyon farko ne da suka ɗan gwane. Shiga ajin sau ɗaya ka gani da idonka.

Waɗanne taku ne ake sa ran in koya a wannan mataki?

Mafi yawan malamai za su kai ka ga taim-istef iri uku da katsewarsa (ɗan jerin da ake rufe shi da shi), da kiram-rol, da faradidil, da durobak, da rif (bugun ƙarfen gaba da na diddige a motsi ɗaya zuwa gaba), da fulbak, sannan daga baya wanda ake kira fiffike. Akwai kuma tsofaffin takun da ke ɗauke da sunaye irin su Maxi Ford da Buffalo da Cincinnati.

Kiram-rol sauti huɗu ne: gaban ƙafar dama, gaban ƙafar hagu, diddigen dama, diddigen hagu, suna zubowa a jere bayan ɗan tsalle. Faradidil ma huɗu ne amma a ƙafa ɗaya: ka soka bakin diddige a gabanka, ka dawo da ƙafar ƙarfen gaba ya bugi daɓe, ka taka da gaban ƙafa, ka sauke diddige. Durobak uku ne, ana tafiya da shi da baya. Duk wanda ya duba da kyau zai ga babu wani sabon motsi a ciki. Bugun gaba ne, da bugun dawowa, da taku, da diddige, waɗanda ka koya tun makon farko. Abin da ya sauya shi ne an matse su kusa da juna, kuma nauyin jikinka yana ƙaura daga ƙafa zuwa ƙafa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci.

Me ya sa malamai ke nacewa a kan taim-istef?

Domin shi ne takun da ke koya wa jiki inda bugu na ɗaya yake. A zamanin da masu rawa ke yawo daga gidan wasa zuwa gidan wasa a Amurka, sukan tarar da makaɗan da ba su taɓa gani ba, sai su buɗe da taim-istef don nuna musu saurin da suke so a bi.

Ga yadda ake ƙirga wanda aka fi koyarwa; "da" a ƙirgar shi ne gurbin da ke tsakanin bugu da bugu. Shafal yana faɗawa a kan "8 da", ɗan tsalle a ƙafa ɗaya a kan 1, taku a kan 2, filaf a kan "da 3", wani taku a kan "da", sai shafal na ɗaya ƙafar ya shigo a kan "4 da". Wannan shi ne mai ɗaya. A mai biyu, takun da ke kan 2 yana komawa filaf. A mai uku, yana komawa shafal da taku. Wato gurbi ɗaya ne kawai ke sauyawa, ana cusa masa sauti ɗaya, ko biyu, ko uku, alhali bugu na 2 yana nan daram inda yake. Wanda ya gane haka ya huta da haddar abu uku.

A al'ada ana yin shida sannan a kawo katsewa mai gaɓa biyu, jimla gaɓa takwas. Ka riƙa yinsa haka tun yanzu, domin kiɗan jaz da yawa a kan takwas-takwas aka gina shi, kuma jikinka zai fara jin zuwan ƙarshen jimla tun kafin kanka ya ƙirga.

Sautina yana cakuɗewa idan na ƙara sauri. Ina matsalar take?

Kusan kullum a idon sawu take. Mai koyo idan ya so sauri sai ya ɗaure ƙafa, ya riƙa ƙoƙarin buga kowane sauti da ƙarfin tsokar ƙwauri. Ƙafar da aka ɗaure kuwa ba ta tashi daga daɓe da wuri, sai ƙarfen ya goge ƙasa maimakon ya buge ta ya tashi.

Tsaya a ƙafa ɗaya ka riƙe bango. Ɗaga ɗaya ƙafar kaɗan, ka sake ta gaba ɗaya daga idon sawu zuwa yatsu, har ta riƙa lilo idan ka girgiza gwiwa. Yanzu ka motsa cinya da gwiwa kawai, ka bar ƙafar ta faɗa wa daɓe da kanta. Sautin da zai fito ƙarami ne, siriri, kuma tsaf. Wannan shi ne shafal ɗin da za ka iya gudu da shi. Ƙarar za ta zo daga baya.

Abu na biyu shi ne girman motsi. A ajin farko ana koyar da shafal da faɗi don a ga yadda yake. A nan dole ya ƙanƙance, ƙarfen gaba ya riƙa tashi kaɗan kawai daga ƙasa, ƙafar kuma ta zauna a ƙarƙashin ƙugu. Na uku, nauyi. Idan ka zauna a kan diddige, ƙafar da ya kamata ta tashi ba za ta samu dama ba. Gwiwa a sake, ƙirji kaɗan a gaba, nauyi a kan gaban ƙafa.

Na daɗe ina fama da fulbak, ya ƙi fitowa. Me zan yi?

Wannan takun ya sa mutane da yawa sun yi tunanin ajiye takalmi, kuma ina ganin dalilin shi ne yadda ake fahimtarsa. Mai koyo yana jin an ce a ja da baya, sai ya yi tsalle da baya yana fizgar ƙafa. Tsallen sama ake yi. Sautin farko yana fitowa ne a daidai lokacin da ƙafa ke barin daɓe: ƙarfen gaba ya ɗan tashi, ya doki ƙasa a kan hanyarsa ta hawa, sannan ka sauko a kan gaban ƙafa. Idan ka jira sai ka kai sama sannan ka nemi daɓe da yatsu, ka makara.

Bi shi daki-daki. Fara da durobak har sai bugun dawowarka ya yi kaifi. Sannan ka riƙe bayan kujera mai nauyi da hannu biyu, ka ɗora mata wani ɓangare na nauyinka, ka tsaya da tafin ƙafa a shimfiɗe yatsu a ɗage, ka gwada da ƙafa biyu tare: sauti ɗaya a tashi, ɗaya a sauka. Idan ya zauna, ka koma farawa daga gaban ƙafa, diddige a sama, wanda shi ne na ainihi. Bayan nan ne za ka raba ƙafafun, dama ta riga hagu da ɗan kaɗan, sautin ya zama huɗu.

Kada ka yi ta maimaitawa har ƙafa ta mutu. Minti biyar a kowane zama ya isa. Tsokar da ta gaji ɗaurewa take yi, fulbak kuwa sakakkiyar ƙafa yake so. Sau da yawa yakan fito ne kwatsam wata rana, ya ɓace washegari, ya sake dawowa. Haka yake yi wa kowa kafin ya zauna.

Fiffike fa, yaushe ya kamata in fara?

Bayan fulbak ya zauna, kuma idon sawunka ya yi ƙarfi. Sauti uku ne a kowace ƙafa: gefen takalmi na waje ya karci daɓe yana fita, ƙarfen gaba ya buga yana dawowa ciki, sannan ka sauka. Haɗarinsa shi ne idon sawu yana karkata waje a lokacin da nauyi ke tashi, don haka wanda ya yi gaggawa zai iya targaɗe. Koya shi da ƙafa ɗaya tukuna, nauyinka a kan ɗayar. Wannan yana cikin takun da nake ganin bai kamata a koya ba tare da idon malami ba.

Ƙafata ta hagu ta ƙi bin ta dama.

Ka riƙa fara kowane atisaye da ita, ka kuma ba ta ninki biyu na abin da kake ba ta dama. Duk jerin takun da aka koya maka a aji, juya shi da kanka a gida ka fara da ɗaya gefen. Sannan ka duba ƙafar da kake tsaye a kanta: sau da yawa mai bugawar ba ta da laifi, wadda ke ɗauke da jikin ce ba ta tsaya daram ba.

Yaya zan yi amfani da metronom?

Metronom na'ura ce mai yin ƙyas-ƙyas a saurin da ka zaɓa. Sa shi a saurin da za ka iya yin takun ba kuskure ko ɗaya, ko da kuwa bugu 70 ko 80 ne a minti. Yi gaɓa takwas tsaf sau uku a jere, sannan ka ƙara huɗu ko biyar. Da zarar sauti ya fara cakuɗewa, koma baya. Za ka lura cewa yin abu a hankali ya fi yinsa da gudu wuya, domin a nan ne kowane rata tsakanin sauti da sauti ke bayyana, kuma a nan ne mai gaggawa ke tona kansa.

Idan ka saba, rage saurin na'urar zuwa rabi, ka ɗauki kowane ƙyas nata a matsayin bugu na 2 da na 4. Makaɗan jaz haka suke atisaye. Ranar farko za ka ji kanka yana juyawa, domin babu mai nuna maka 1 sai kai kanka. Daure. Babu atisayen da ya fi wannan gyara wa mai rawa lokaci.

Malami yana cewa in yi shi da suwin. Me yake nufi?

Kowane bugu ana iya raba shi gida biyu daidai wa daida, ko kuma a raba shi gida uku a buga na farko da na uku kawai, sai na farkon ya yi tsawo na biyun ya gajarce. Na farko shi ne miƙaƙƙe, na biyu shi ne suwin. Filaf ɗaya ne, ƙafa ɗaya, motsi ɗaya, amma idan ka yi shi a miƙe sannan ka yi shi da suwin, kamar mutum biyu ne suka yi.

Ba a koyon wannan da lissafi kaɗai. Saurari manyan ƙungiyoyin kiɗan jaz na shekarun 1930 da 1940, irin na Count Basie da Duke Ellington, ka kasa kunne ga abin da mai ganga ke yi a kan faifan ƙarfensa. Sannan kafin ka taka kowane jeri, rera shi da baki. Masu wannan rawa suna yawan faɗa wa ɗalibansu cewa abin da baki bai iya rerawa ba, ƙafa ba za ta buga shi ba, kuma gaskiya ne.

Mene ne Shim Sham, kuma dole ne in iya?

Dole ne, in dai kana so ka shiga cikin jama'ar wannan rawa. Gajeren jeri ne mai gaɓa 32 da ake dangantawa da Leonard Reed da Willie Bryant tun ƙarshen shekarun 1920. Kashi huɗu ne, kowanne gaɓa takwas. An saba rufe taro da shi: manya da yara, gwanaye da 'yan koyo, kowa ya hau dandali a yi tare. Takunsa ba su da wuya, mai wata shida da fara koyo ma zai iya bi. Aikinka a wannan mataki shi ne ka sa shi ya yi daɗin ji, ka san inda za ka danna da inda za ka sassauta.

Ina ganin wasu suna rawa da hannu da juyi, wasu kuma ƙafa kawai. Wanne ne daidai?

Duka biyun 'yan gida ɗaya ne. Rawar taf ta tashi ne a Amurka daga haɗuwar kaɗe-kaɗe da takun 'yan Afirka da aka kai can a matsayin bayi, da rawar ƙafa ta mutanen Ailan da Ingila. Tun a shekarun 1840 William Henry Lane, wanda aka fi sani da Master Juba, ya yi suna da ita a New York. Bill Robinson, wanda aka haifa a 1878, ya ɗaga rawar zuwa kan gaban ƙafa, jiki a miƙe, sauti tsaf, kuma ranar haihuwarsa, 25 ga Mayu, ita ce Amurka ta ayyana a 1989 a matsayin ranar rawar taf. John Bubbles kuwa ya sauko da diddige ƙasa, ya cika gaɓa da ƙarin sauti da katse-katse, shi ya sa ake kiransa uban salon da ya fi ba kiɗa muhimmanci. Daga wannan layi ne Jimmy Slyde da Gregory Hines da Dianne Walker da Savion Glover suka fito. Ɗaya salon, na dandalin Broadway, wato gidajen wasan New York, ya fi kula da siffar jiki, da hannuwa, da tafiya a faɗin dandali.

Ra'ayina shi ne mai matakin tsakiya ya ɗanɗana duka, amma ya fara gina kunnensa. Wanda lokacinsa ya zauna zai iya koyon hannu cikin sauƙi. Wanda hannunsa ya yi kyau amma yana riga kiɗa, gyaransa ya fi ɗaukar lokaci.

Ina tsoron a ce in ƙirƙiro nawa a take. Ta ina ake farawa?

Da ƙuntata wa kai. Zaɓi abu biyu kacal, misali taku da diddige, ka kunna kiɗa mai matsakaicin sauri, ka yi gaɓa huɗu, ka yi shiru gaɓa huɗu kana ƙirgawa, ka sake shiga. Shirun nan yana da muhimmanci kamar bugun. Yawancin masu farawa suna cika ko'ina da sauti saboda tsoron a ga sun tsaya, har mai sauraro ya rasa inda magana ta fara da inda ta ƙare. Buga gajeriyar jimla, maimaita ta, maimaita ta kuma, a karo na huɗu ka sauya mata ƙarshe. Ka riga ka fara ƙirƙira ke nan.

Idan kana da abokin koyo, ku riƙa musayar huɗu-huɗu: ya yi nasa, ka amsa masa da wani abu da ka tsinta daga abin da ya buga. Ɗaukar taku daga wani ba abin kunya ba ne a wannan sana'a. A Hoofers Club, wani ɗaki da masu rawa ke taruwa a unguwar Harlem ta New York a da, ƙa'idar da aka sani ita ce kada ka kwafi takun wani sak yadda ya yi shi. Ɗauka, ka juya shi, ka kuma riƙa faɗin wurin wanda ka samo.

Ya kamata in sauya takalmi?

Idan wanda ka fara da shi mai laushin ƙasa ne, ko ƙarfensa an manne shi ne da ƙusar da ba ta kwancewa, lokaci ya yi. Nemi na fata mai igiya, mai ƙasa ɗaya mai tauri, wanda aka ɗaura ƙarfensa da sukuru. Kamfanoni irin su Capezio da Bloch da So Danca duk suna yin irinsa. Ya kama ƙafa sosai, yatsunka su kai kusa da baki don su zauna a kan ƙarfen gaba. Fata tana buɗewa da amfani. Kafin kowane aji ka shafa ƙasan da yatsa. Sukurun da ya kwance yana sauya sauti, wanda ya leƙo waje kuma yana yage katako a take.

A kan wane daɓe zan yi atisaye a gida?

Katako. Siminti da tayil ba sa ba da komai idan ka sauka, duk dukan yana komawa ƙwauri da gwiwa da baya, ga santsi, ga cinye ƙarfe. Falankin filawud mai kauri, kamar mita ɗaya a kowane gefe, ya isa, a sa masa tabarmar roba a ƙarƙashi don ya ɗan yi laushi ya kuma rage ƙarar da ke shiga gini. Idan dare ya yi, sa takalmi mai taushi ka yi aikin nauyi da haddar jeri.

Ƙwaurina yana ciwo bayan aji. Al'ada ce?

Gajiyar tsoka da ke wucewa cikin kwana ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ce, musamman a makon da ka fara tsalle-tsalle. Ɗumama jiki kafin ka fara, ka juya idon sawu, ka miƙe tsokar bayan ƙwauri idan ka gama. Amma ciwo mai tsini a wuri ɗaya a kan ƙashi, ko kumburi, ko ciwon da ke ƙaruwa kana tafiya, wannan na likita ne. Dakata da rawa har a duba.

Zan iya ci gaba da bidiyo kaɗai, ba malami?

Za ka iya koyon jeri da yawa ta intanet, kuma tsofaffin hotunan gwanayen da suka shuɗe taska ce da ya kamata ka riƙa komawa gare ta. Rage saurin bidiyon ka ga inda nauyinsu yake, domin ido yakan tafi kan ƙafar da ke motsi ya manta da wadda ke tsaye. Abin da bidiyo ba zai yi maka ba shi ne ya ji ka. Ba zai ce maka sautinka na uku ya ɓace ba, ko kana riga kiɗa da ɗan kaɗan a kowace katsewa. Idan babu aji a kusa da kai, nemi malamin da ke karɓar bidiyon ɗalibi ya mayar da gyara, ko da sau ɗaya ne a wata. A tsakani kuma ka riƙa naɗar kanka kowane mako a kan taku ɗaya da sauri ɗaya, ka ajiye da kwanan wata, don ka samu abin da za ka kwatanta da shi bayan wata uku.